Jan Ƙyallen Malam Datti

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis, 19 ga Janairu, 1989, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah ya karɓi ran Malam Datti, tsohon mai duba masu gadin ruwa na sashenmu a Bunkure, a ɗakinsa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Da hantsi aka kai shi makwancinsa. Ya bar matarsa Saude da 'ya'ya da jikoki. Ya kuma bar mutane da yawa irina, waɗanda suka ci alkama da tumatir albarkacin aikinsa shekara da shekaru, ba tare da sun taɓa tsayawa sun ce masa an gode ba.

Ni da nake rubuta wannan taubashinsa ne. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Tun muna ƙanana muke gardamar wane ne bawan wani, muka yi furfura ba mu gama ba. Datti, yau ka yi shiru ka bar mini filin, kuma wallahi ban ji daɗin wannan nasara ba. Amma ba kuka na zauna yi ba. Ka rayu da kyau, ka tafi da kyau, kuma abin da idona ya gani ranar jana'izarka ya sanyaya mini zuciya. Shi nake so in faɗa, sai dai ba zai fahimtu ba sai na koma baya.

Wanda bai san yankinmu ba, bari in kwatanta masa. Ruwan da muke noman rani da shi daga Tiga yake tasowa ta babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, kowane ƙarami da ƙofarsa. Ƙofar faranti ce ta ƙarfe, a samanta akwai abin murɗawa mai kama da sitiyarin mota, mu ma sitiyari muke ce masa. A wancan lokacin mai gadi yana murɗawa yana ƙirgawa a zuciyarsa. In ya rage, gonakin da ke can ƙarshe su kwana da ƙishirwa. In ya zarce, ruwa ya haye bakin kanal ya kwanta a gonar wanda tsautsayi ya faɗa wa. Abincin gidaje da yawa yana rataye da lissafin da mutum ɗaya ke yi a cikin kansa, kuma aikinka, Datti, shi ne zagaya waɗannan mutane a kan tsohon kekenka.

A ranin 1984, bayan daminar da ta bar mu da rumbu rabi, kowa ya ɗora ransa a kan alkamar rani. A nan ne Hambali, mai gadin Ƙofar Gada, ya sake mana ruwa. Na tarar da alkamata tsundum, albasar maƙwabcina Baballe kuwa ta jiƙa har ta fara ruɓewa. Wannan ne karo na uku a wannan ƙofa. Na yi fushi, kuma har gobe ina ganin ina da hujjar fushina, domin wanda bai ga guminsa yana iyo ba bai isa ya koya mini haƙuri ba. Ni da Baballe muka ja manoma zuwa ofis, muka ce a sallami Hambali.

Hambali ba shi da ko taku ɗaya na gona a cikin aikin ruwan. Gadin nan shi ne tuwonsa da na iyalinsa da na tsohuwarsa. Ga kuma abin da ya fi rasa aiki ciwo: yara sun fara binsa da waƙa, manya sun fara cewa kansa ba daidai yake ba. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, irin wanda in ya hango babba tun daga nesa yake cire takalmi. Ranar da muka je ofis yana durƙushe a bakin ƙofa, bai ce komai ba sai “Na yi kuskure, a yi haƙuri.” Ko mu da muka kawo ƙararsa sai da ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya.

Kai kaɗai, Datti, ka ƙi. Ka ce wa Injiniya Lukmanu, wanda ke riƙe da sashen a lokacin, “Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. In muka kore shi ba mu san abin da ya sa shi ba, gobe mu sa wani, abin ya sa shi shi ma. A ba ni lokaci in gano.” Injiniyan yaro ne a kanmu, amma mai sauraro. Ya ba ka zuwa ƙarshen rani mai zuwa, da sharaɗin in ba ka kawo dalili ba Hambali ya tafi. Na fito ina ce maka ka zama lauyan ruwa. Ka yi dariya ka ce bawa ba ya sa baki a maganar iyayengijinsa.

Daga nan aka fara abin da ya sa aka laƙaba maka Datti Mai Gwangwani. Ka tattaro gwangwanayen madara, ka kafa su a jere a kan katako cikin rumfar kowace ƙofa. Yawancin masu gadin ba su yi boko ba, don haka ba ka rubuta komai ba, zane ka yi da fenti. Wannan da hoton rana, na zafi ke nan. Wannan da cokali, na yunwa. Wannan da tabarma, na wanda bai sami barci ba. Wannan da ɗaki, na wanda ya baro damuwa a gida. Akwai na ranar kasuwa. Na ƙarshe ka bar shi ba zane, ka ce sunansa “ban sani ba”. Saude ka sa ta daina zubar da ƙwayar tsamiya in ta yi kunu, tana wanke maka tana shanyawa. Duk sanda aka yi kuskure a ƙofa, babba ko ƙarami, har wanda aka kusa yi Allah ya kiyaye, sai a jefa ƙwaya a gwangwanin da ya dace. In abu biyu ne suka haɗu, kowanne ya sami tasa.

Wahalar ba a gwangwani take ba, a bakin mutane take. Wa zai tona wa kansa asiri? Sai ka yi musu alkawari a gaban Injiniya cewa kuskuren da mutum ya faɗa da bakinsa ba za a hukunta shi a kai ba, wanda ya ɓoye aka gano shi ne abin hukunci. Kuma ka canza tambaya. Ba ka cewa “Wa ya yi?” Sai ka zauna, ka ɓare goro, ka miƙa rabi, ka ce, “Ka karya kuwa da safen nan? Yaya mai jikin? Ina kake tsaye sanda abin ya faru?” Na taɓa jin ka kana yi wa wani mai gadi irin waɗannan tambayoyi, na ce wannan ai ba bincike ba ne, zance ne. Ka ce mini an ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kai ba ka musa ba, ɗayan nan da ya rage kake so ka ga ta ina yake zubewa.

Injiniya Lukmanu ya ƙara maka wata dabara da kai kanka ka yaba. Ya ce ƙofar da ake buɗewa sau da yawa dole ta fi tara ƙwaya, ko da mai gadinta ya fi kowa hankali, don haka ba adalci ba ne a gwada ta da wadda ake taɓawa jefi-jefi. Sai aka ajiye tulu ƙarami a kowace rumfa, ana jefa tsakuwa duk sanda aka murɗa sitiyari, an yi daidai ko ba a yi ba. Ta haka ake ganin kuskure nawa ke fitowa cikin aiki nawa. Ka dawo gida ranar nan kana murna kamar an yi maka haihuwa, kana cewa karatu ya yi rana.

Mu dai a majalisa kowa ya riga ya yanke hukunci. Baballe ya ce ranar kasuwa ce, hankalinsu na can. Ni na ce lalaci ne, kuma ba ka yi masa gwangwani ba. Wasu suka ce a bari azumi ya zo a ga ɓarna. Azumi ya zo a shekarar da ruwan sama ya yi jinkiri, ana ta ban ruwa, amma kuskure ya ragu maimakon ya ƙaru. Ka ce a lura da wannan, akwai magana a ciki, ko da yake a lokacin kai ma ba ka san mece ce ba. Gwangwanin cokali ya tara a ƙofofin da ke nesa da gari, inda abinci ba ya isa da wuri. Na rana ya tara a inda rumfa ta yage. Waɗannan ba ka jira ƙarshen bincike ba. Ka sa aka gyara rumfuna, ka shirya da matan ƙauyukan kusa suna aika koko da ɗumame. Mai gadin da ɗansa ya kwanta ciwo kuwa, sau nawa ka ce masa ya tafi gida, kai ka zauna a ƙofarsa har la'asar? Saude ce za ta iya faɗa, ita da tuwonta ke hucewa yana jiranka.

A Ƙofar Gada fa, duk gwangwanayen nan kusan wayam. Hambali yana karyawa, yana barci, gidansa lafiya. “Ban sani ba” ne kaɗai ke cika. In ka tambaye shi sai ya ce, “Wallahi, Malam, ina cikin ƙirga sai in ga ban san inda na tsaya ba.” Lokacin da aka ba ka yana ƙarewa, kuma wannan amsa ba za ta hana a kore shi ba. Na ga damuwa a fuskarka a kwanakin nan, har ka daina rama tsokanata.

Sai ka ce gani ya kori ji. Ka ajiye keke, ka shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar da ke gefen gadar, ka zauna kana kallo. Ƙofar Gada, kamar yadda sunanta ya nuna, a jikin gadar take, kuma duk mai zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a ko maƙabarta ta nan zai bi. Hambali ya kama sitiyari ya fara murɗawa, leɓensa na motsi. Can sai ga wani dattijo a kan jaki ya yi sallama. Hambali ya saki sitiyari, ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya tsohuwa, ya sanyi, ya aka ji da ruwan nan. Dattijo ya wuce, Hambali ya miƙe ya kama sitiyari, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya ci gaba da murɗawa a kan zato. Kafin ya gama an sake yi masa sallama.

Ka zo gidana da yamma kana dariya har da hawaye, ka ce, “Sani, mun kusa korar mutum saboda uwarsa ta yi masa tarbiyya.” Sauran ƙofofin a cikin gonaki suke, mai gadi sai ya wuni bai ga wanda zai gaisar ba. A azumi kuma mutane ba sa yawan zirga-zirga da rana, in sun gaisa ma a taƙaice ne, shi ya sa kuskuren ya ragu. Na ce ban yarda ba, kana neman wa mutuminka mafita ne kawai. Ka ce kai ma ba ka yarda ba tukuna, zato ne, sai an gwada.

Gwajin shi ne abin da har yau ake ba da labarinsa. Akwai Bilya, mai gadin wata ƙofa can cikin gonaki ta wajen Kura, wanda bai taɓa sakin ruwa ba, kowa na misali da shi. Ka nemi izini ka musanya su. Hambali ya koma ƙofar Bilya, Bilya ya dawo gada. Ka zana baki a jikin sabon gwangwani, na gaisuwa ke nan, ka kafa. Ba a yi nisa ba Bilya ya fara jefa ƙwaya a ciki, yana ƙunƙuni yana cewa mutanen gada sun cika surutu. Wata safiya dagaci ya biyo, Bilya ya zube gaisuwa, ruwa ya kusa hayewa, Allah ya sa kana kusa. Can cikin gonaki kuwa Hambali ya cika tulunsa da tsakuwa, gwangwanayensa ko ƙwaya ɗaya babu ta kirki. Kuskuren bai bi Hambali ba, yana nan a gada yana jiran duk wanda aka kawo.

Ranar da ka juye gwangwanayen a kan tabarma gaban Injiniya da manoma, tsibi-tsibi, ba ka yi dogon jawabi ba. Ka nuna tsibin Hambali a gada, ka nuna na Bilya a gada, kusan kai ɗaya. Ka nuna nasu a cikin gonaki. Sai ka ce, “Jama'a, mu ne. Mu ke wucewa mu yi sallama.” Ni kuwa na tuna sau nawa na tsaya a gadar nan ina tambayar Hambali lafiyar tsohuwarsa yana riƙe da sitiyari, sai dariya ta kama ni, domin ashe da bakina na taya shi jiƙa alkamata.

Gano ciwo daban, magani daban. Wani ya ce a hana mai gadi amsa gaisuwa. Ka ce wannan ba zai yiwu a garin nan ba, kuma ko zai yiwu ba ka so, domin ba za ka gyara ƙofa ka ɓata mutum ba. Da farko Injiniya ya sa aka yi alama da zarto a jikin sandar ƙarfen da ke tasowa in an murɗa, aka shafa jan fenti, don mai gadi ya daina ƙirgawa a ka, ya duba alama kawai. Ba ka yarda a ƙara wani abu a lokacin ba. Ka ce in an sha magani biyu tare ba a sanin wanda ya yi aiki. Ƙwaya ta ragu sosai, amma ba ta ƙare ba, domin mai gaisuwa idonsa na kan fuskar babba, ba ya kan sanda, wani lokacin kuma sai ya manta bai ɗaure sarƙar da ke kulle sitiyarin ba.

Sai ka tafi wurin Liman. Ya saurare ka, ya ce amsa sallama hakki ne, amma wanda ya ga ɗan'uwansa hannunsa na kan amanar jama'a, ya jinkirta sallamarsa har ya gama, bai yi laifi ba, ya ma kyauta. Ya faɗi haka bayan sallar Juma'a. Kai kuma ka yanko jan ƙyalle daga tsohon zanen Saude, ka kafa gora a bakin gada. In mai gadi zai kama sitiyari sai ya rataya ƙyallen. Wanda ya gani ya wuce shiru ko ya jira, yadda ake yi wa mai salla. In an sauke, a gaisa har a gaji. Makonnin farko tsofaffi sun yi ta mita, wai an kawo zamanin da yaro zai ga babba ya kau da kai. Kai da kanka ka riƙa zama a gindin darbejiya kana tare su, kana karɓar gaisuwar a madadin mai gadi, har suka saba. Aka mayar da Hambali gadarsa, kuma tun daga ranar ban sake ganin ruwa a inda ban kira shi ba.

Da a nan ka tsaya ma ya isa a tuna ka. Amma abin da ya fi girma a idona ya zo daga baya, ba kuma kowa ya san shi ba. Wajen shekara biyu da suka wuce na shiga zaurenka na ga gwangwani ɗaya a kan taga, ba zane, da ƙwayoyi a ciki. Na ce ko dara ka koma yi kai kaɗai. Ka ce, “Nawa ne.” Yanar ido ta fara rufe maka gani. Sandar awo da ke tsaye cikin kanal, wadda kake dubawa ka faɗa wa masu gadi yawan ruwan da za su saki, ta fara yi maka gizo. Ba a yi ɓarna ba, domin ka riga ka koya musu su faɗa maka in sun ga ka kauce, kuma suna faɗa. Duk sanda aka gyara maka, sai ka dawo gida ka jefa ƙwaya. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kai ka sauko daga kan naka ka auna shi da mudun da ka auna na kowa.

Babu wanda ya ce ka sauka. Da gwangwanin ya kai inda ka ɗebar wa kanka, ka je ofis ka ajiye aiki, ka ce a ba Hambali duba ƙofofin sashen, ya kuma ci gaba da riƙe gada tunda ita ce mafi wuya. Aka ba shi. A nan tsohuwar magana ta taso. Baballe, wanda bai manta albasarsa ba, ya ce a majalisa, “Muddin Datti na numfashi Hambali zai yi daidai, don yana jin kunyarsa. Ranar da babu Datti, ku shirya kwalekwale.” Mutane da dama sun gyaɗa kai. Maganar ta kai kunnen Hambali, ta kai naka. Na tambaye ka ko za ka ba shi amsa, ka ce ba ka da ita, wannan gwaji ne da ba za a yi shi kana nan ba.

To, Datti, an yi shi, kuma ni zan ba ka labari tunda ba ka gani ba.

Alkama na fitar da kai a makon da ka rasu, lokacin da ba ta son ƙishirwa ko ta yini ɗaya. Ranar Alhamis kuma ranar ruwan sashenmu ce. An riga an sako shi daga sama tun kafin labarinka ya bazu, kuma ruwa ba ya jin an yi rasuwa. In ya iso gada ba a buɗe masa daidai ba, ko ya haye ko ya bar na ƙarshe a bushe. Hambali ya zo gidanka da sassafe, ya tsaya a kanka ya yi addu'a, ya fita ba wanda ya lura. Aka yi maka wanka, aka yi salla a ƙofar gida, muka ɗauko ka. Hanyar maƙabarta ɗaya ce.

Tun daga nesa na hango jan ƙyallen a kan gora. Ga Liman a gaba, ga dagaci, ga duk wani mai furfura na garin nan da na ƙauyuka, ga kuma kai kanka a kan makara. Duk mutanen da Hambali bai taɓa gani ya kasa durƙusawa ba, ga su a jere za su bi ta gabansa. Yana tsaye ya kama sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan sandar ƙarfe.

Muka hau gada. Babu abin da ake ji sai takun mutane da ƙarar ƙarfe da ruwa yana shiga. Na dube shi. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan hannunsa, amma bai juyo ba. Wani baƙo daga cikin surukanku na Kumbotso, wanda bai san al'adar wurin ba, ya ɗaga murya ya ce, “Kai mai ruwa, ba ka ga gawa ba ne?” Kafin kowa ya motsa, Baballe ya dafa kafaɗarsa ya ce a hankali, “Bar shi, Alhaji. Aikin mamacin yake yi.”

Mun kusa shiga maƙabarta na ji gudu a bayanmu. Hambali ne, ƙyallen a hannunsa. Ya kai alama, ya ɗaure sarƙa, sannan ya sauke. Mutane suka buɗa masa ba wanda ya ce su yi, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makararka ya kai ka bakin kabari. Bayan an gama ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya gaishe su, har baƙon Kumbotso.

Da la'asar na zaga gonaki, domin zaman makoki bai hana ni son ganin alkamata ba, ka san halina. Ruwa ya kai har gonar ƙarshe, bai haye ko'ina ba. 'Yar gonarka da ɗanka Musbahu ke nomawa ta sha daidai. Na tsaya a bakinta na yi maka addu'a, na ji raina fes.

Ya Allah, ga bawanka Datti ya zo gare ka. Ya kasance mai neman uzuri ga bayinka kafin ya kama su da laifi, Ka yi masa uzuri. Ya binciki abin da ke sa mutum tuntuɓe don ya kawar masa da shi daga hanya, Ka kawar masa da duk abin tsoro a kabarinsa. Kurakuransa da ya ƙirga da waɗanda bai sani ba, Ka shafe su da rahamarka. Ka haskaka idonsa da ya dushe a duniya, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saude, wadda ta ba da tsamiyarta da zanenta da haƙurinta, Allah ya ba ki dangana ya saka miki. Ga Musbahu da Raliya da Sa'a da ƙannensu, Allah ya albarkaci abin da ya bari, ya haɗa kanku. Ga Injiniya Lukmanu, duk inda aiki ya kai shi, da Bilya da sauran masu gadin ruwa, da manoman Bunkure da Kura baki ɗaya. Ga Hambali kuma, wanda ya yi rashin da ya fi na wasu dangi, Allah ya ƙara maka ƙarfin riƙo. In kun bi ta gada kun ga ƙyalle a sama, ku riƙe gaisuwarku, ku yi wa Datti addu'a a zuci har a sauke. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Muhammadu Sani
Bunkure